Abin da Ke Juyawa a Wuyan Sandar Golf

Wanda ya ɗauki sandar golf ta zamani, irin mai dunƙulallen kai da ake bugun nesa da ita, ya duba daidai inda ƙota ta shiga kai, zai ga 'yan haruffa da lambobi an zana su kewaye da wuyan. A wata zai ga A1 da B2 da D4, a wata +1 da -1 da N da D, a wata kuma gajerun layuka ne kawai da alamar ƙari da ragi. In ya kifa ta, zai tarar da sukuru guda a nutse cikin tafinta. Akwai masu buga wasan da tun da suka sayi sandar ba su taɓa kwance wannan sukuru ba, don gudun kada su ɓata abu mai tsada. Akwai kuma waɗanda duk ranar da ƙwallo ta baude musu sai sun kwance shi. Da mai tsoron da mai garajen, abu ɗaya ne ya haɗa su: ba a taɓa zaunar da su an nuna musu abin da ke motsi a ciki ba.

Ga wanda wasan bai yi masa kusa ba, golf, ko ƙwallon lambu, shi ne a kora 'yar ƙwallo da sanda daga wurin bugun farko har ta faɗa rami, rami bayan rami har 18, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Dokar wasan ta ce kaurin ƙwallon kada ya gaza milimita 42.67, nauyinta kada ya wuce giram 45.93, faɗin ramin kuma milimita 108 ne. Turawan mulki da na kamfanoni suka shigo da wasan Arewa. Filin Rayfield na Jos, wanda aka buɗe a 1913 zamanin haƙar kuza, shi aka fi ambata a matsayin mafi tsufa a Najeriya, sannan ga na Kano da Kaduna da Zariya, ga kuma na IBB a Abuja da ya zo daga baya. Ba a yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanda fiye da 14 ba, kuma kowace da aikinta. Direba ita ce ta bugun farko, inda ake ɗora ƙwallo a kan ɗan turke. Ƙarafa na matsakaicin zango ne da na kusa. Fota ta gangara ƙwallo zuwa rami ce. Tsakanin direba da ƙarafa akwai wasu sanduna biyu ko uku da ake kira katako, galibi masu lamba 3 da 5 da 7, kuma su ne abin maganarmu. Aikinsu ya fi na direba wuya, domin nisa ake nema da su alhali ƙwallon tana zaune a ƙasa, ba turke a ƙarƙashinta. Ɗaya daga cikin bugun da suka fi shahara a tarihin wasan da irin wannan sanda aka yi shi: a gasar Masters ta 1935 a Augusta da ke Amurka, Gene Sarazen ya ɗauki katako na 4 a rami na 15, ya buga daga nisan yadi 235, wato kimanin mita 215, ƙwallon ta shige rami.

Da can kan waɗannan sanduna da itace ake sassaƙa shi, akasari na wata bishiyar Amurka da ake kira fasimon, wadda 'yar uwar kanyarmu ce ta jini, dangi ɗaya suke a lissafin masana tsirrai. A wancan zamani gyaran sanda aikin masassaƙi ne. In ɗan wasa yana son ƙwallo ta ƙara tashi, sai a goge fuskar da magagari. In yana son ƙota ta zauna wani iri, sai a huda wuyan a karkace tun daga farko. In nauyi ake so, a narka dalma a zuba a ƙarƙashin tafi. Abin da aka goge ya gogu ke nan, ba komawa. A 1979 wani Ba'amurke, Gary Adams, ya kafa kamfanin TaylorMade a kan kai na ƙarfe mai rami a ciki, a 1991 Callaway ya fito da Big Bertha mai ƙaton kai, kafin ƙarshen wannan goman kuwa itace ya bar fage, sunan ne kawai ya rage. Kan ƙarfe ya fi ƙarko, amma ba ya goguwa, kuma ƙotar da gam mai ƙarfi ake liƙe ta. Mai son canji sai ya sayi wata.

Doka ce ta buɗe ƙofa. Hukumomi biyu ke riƙe da dokokin golf na duniya, R&A da ke St Andrews a Sikotland da USGA ta Amurka, kuma har ƙarshen 2007 ba su yarda a ƙera katako ko ƙarfe mai sassa masu juyawa ba, in ban da na nauyi. Daga 1 ga Janairu 2008 suka sassauta, bisa sharaɗin cewa gyaran ba zai yiwu da hannu kawai ba sai da mabuɗi na musamman, kuma komai zai ɗauru tam lokacin wasa. A 2009 TaylorMade ya fito da R9 mai mazauni 8 a wuya, a 2010 Titleist ya biyo da jerin 910 mai mazauni 16. Sauran kamfanoni suka bi sahu.

Kafin a fahimci abin da mazaunin ke yi, sai an san kusurwoyi uku. Masu ƙera sanda suna kallon kanta kamar ƙafa: gefen da ke kusa da ƙota dunduniya ne, na nesa yatsa, ƙasan da ke taɓa ciyawa tafi, gaban da ke dukan ƙwallo kuma fuska.

Kusurwa ta farko ita ce kishingiɗar fuska, wadda 'yan wasa ke kira lof. Fuskar ba a tsaye cak take ba, ta ɗan kwanta baya tana duban sama. Direba tana da digiri 9 zuwa 12, katako na 3 yawanci 15, na 5 kimanin 18, na 7 kimanin 21, ƙarafan kusa da rami kuwa suna haura 45. Ta biyu ita ce zaman sanda, wadda suke kira lai: in an ajiye tafi daidai a ƙasa, kusurwar da ke tsakanin ƙota da doron ƙasa. A katako takan kama daga digiri 56 zuwa 59. In kusurwar ta ƙaru an ce sanda ta miƙe, in ta ragu an ce ta kwanta. Ta uku ita ce duban fuska, wato inda fuskar ta dosa idan an bar kai ya zauna da kansa. Ga mai bugu da dama, in ta dubi hagun inda ake nufi an ce ta rufe, in ta dubi dama an ce ta buɗe. Duk bayanin da ke tafe na mai bugu da dama ne. Bahago sai ya juya shi.

Kishingiɗa ita ke raba ƙarfin bugu gida biyu. Haɗuwar fuska da ƙwallo ba ta wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ƙwallon takan lotse, ta ɗan hau fuskar, ta bar ta tana juyawa da baya. Wani ɓangare na ƙarfin ya tafi ga tura ta gaba, wani ya tafi ga ɗaga ta da juya ta. Wannan juyin baya, tare da 'yan ramukan da ke jikin ƙwallon, shi ke sa iska ta tallafe ta daga ƙasa ta daɗe a sama. In juyin ya yi kaɗan, sai ta faɗo da wuri tun ƙarfinta bai ƙare ba. In ya yi yawa, sai ta yi ta hawa tana ɓarnatar da gudunta. Kamfanin TrackMan na Denmak, wanda ke auna bugu da na'urar rada, ya taɓa wallafa matsakaicin bugun ƙwararru da katako na 3. Mazan gasar PGA suna kaɗa kan sanda da gudun kusan kilomita 172 a awa, ƙwallon ta tashi a digiri 9 da ɗoriya, tana juyi sama da 3,600 a minti, ta sauka a kusan mita 222. Matan gasar LPGA suna kaɗawa da kusan kilomita 145 a awa, ƙwallon ta tashi a digiri 11 da ɗoriya, ta sauka a kusan mita 178. Abin lura a nan shi ne, gwargwadon raguwar gudun sanda, gwargwadon buƙatar ƙwallo ta tashi sama-sama kafin ta yi nisa. Wannan ya sa mutumin da hannunsa bai kai na ƙwararru sauri ba yakan tarar katako na 5 ya kai masa ƙwallo inda na 3 ya kai, wani lokaci har ya wuce, abin ya ɗaure masa kai.

Zaman sanda kuwa, manomin Zakka ko na ƙauyukan Safana da Batsari ya riga ya san shi a fartanya. Ruwa ɗaya, kaifi ɗaya, amma yadda aka ɗaura shi a ƙota shi ke sa fartanya ta ci ƙasa ko ta riƙa shafa ta tana wucewa, kuma wadda ta yi wa dogo daidai sai ta sa gajere ya yi ta sara da gefe ɗaya. In ta ƙi zama, ba ruwan ake canzawa ba, wurin maƙeri ake kai ta ranar kasuwa ya gyara wuyan. Haka sandar golf. In ta miƙe wa mutum fiye da tsayinsa da yadda yake sunkuyawa, yatsa zai ɗaga, dunduniya ta riga taɓa ƙasa. In ta kwanta fiye da kima, yatsa ne zai riga sauka.

Akwai kuma abin da ido bai cika kamawa ba. Tun da fuskar a kishingiɗe take, da zarar yatsa ya ɗaga, fuskar ta daina duban gaba sak, ta karkata hagu, ko da bakinta na ƙasa yana nan daidai da layi. In dunduniya ce ta ɗaga, ta karkata dama. Girman karkatar ya dogara ga yawan kishingiɗa. A ƙarfe mai digiri 45, kuskuren digiri 1 a zama yana karkatar da fuska da kusan digiri 1 cur, wanda ya kusa mita 2 a bugun mita 100. A katako mai digiri 15, wannan kuskuren bai fi rubu'in digiri da 'yan kai ba, wato ƙasa da mita 1 a bugun mita 200. Ashe zaman sanda bai da ƙarfi a katako irin yadda yake da shi a ƙarafa. Yana da tasiri, amma ta wajen yadda tafi ke shafar ƙasa da yadda kai ke bayyana ga ido ya fi yin aiki.

To, mene ne ke cikin wuyan? A ƙarshen ƙotar an liƙa wani ɗan bututun ƙarfe mai haƙora a jiki. Shi ke shiga ramin wuyan kai, sukurun da ke tafi ya kamo shi daga ƙasa ya ɗaure. Dabarar duk tana cikin hudar bututun: ba a huda shi sak ba, an karkata ramin da digiri 1 ko 2. Saboda haka ƙotar a ɗan karkace take fitowa daga kai. In aka kwance sukuru, aka zare kai, aka juya bututun aka mayar, karkatar ta koma wata fuska daban. Wanda ya danne kan a ƙasa ya bi mazaunan ɗaya bayan ɗaya zai ga saman ƙota, inda ake riƙewa, yana zana 'yar da'ira a iska. Tsawon katako na 3 kusan santimita 109 ne, don haka kowane digiri 1 yana gusar da mariƙin da kusan santimita 2.

A nan ne ainihin maganar take. Dunƙulen kan bai canza ba ko kaɗan. Fuskar da aka ƙera da digiri 15 tana nan da digiri 15 ɗinta idan an auna ta da tafi. Abin da ya canza shi ne inda ƙota ta dosa, sauran kuma ɗan wasa ne ke ƙarasa shi da hannunsa, sau da yawa bai ma sani ba.

A ɗauka an juya zuwa mazaunin da aka rubuta ƙarin kishingiɗa. In aka ajiye kan daidai a kan tafinsa fuska na duban gaba, mariƙin zai gusa wajen inda za a buga, ya bar inda hannuwan ɗan wasa suka saba tsayawa. Dole a dawo da shi, kuma hanya biyu ce. Ta farko, a ja mariƙin baya kai tsaye, kan ya ɗan tada goshi ya kwanta baya: fuska na nan tana duban gaba, kishingiɗa ta ƙaru. Ta biyu, a bar tafi manne da ƙasa, kan ya juya a inda yake har mariƙin ya dawo: kishingiɗa ba ta ƙaru ba, amma fuska ta rufe. Mazauni ɗaya, sakamako biyu, gwargwadon yadda mutum ke ajiye sanda. Mai riƙe ta a ɗan sama ya daidaita fuska da ido kafin ya damƙe mariƙi, shi ke samun ƙarin tashi. Mai sakin kai ya zauna yadda ya ga dama sannan ya kama, rufaffiyar fuska yake samu. Yawancin mutane suna tsakani, su sami kaɗan daga wannan kaɗan daga wancan. Kuma saboda ƙotar a jingine take ba a tsaye ba, juyawar fuskar takan kusa ninka karkatar: ƙarin digiri 2 a kishingiɗa yana tafiya da rufewar kusan digiri 4. In aka rage kishingiɗa, akasin haka ne, fuska ta buɗe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duban fuska lokacin haɗuwa shi ke yanke kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na inda ƙwallo za ta fara dosa. Mutum ya juya yana neman tashi, sai ya ga ƙwallo na tafiya hagu, ya zargi hannunsa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Tun da da'ira mariƙin ke zanawa, ba a iya matsar da shi gaba ko baya ba tare da ya ɗan hau sama ko ya sauko ba. A tsarin bututu guda, irin na TaylorMade mai mazauni 12, mazaunin asali shi ne inda sanda ta fi kwanciya, kishiyarsa shi ne inda ta fi miƙewa, mafi yawan kishingiɗa da mafi ƙarancinta kuma suna gefe da gefe, a rabin hanyar miƙewa. Wato duk wanda ya taɓa kishingiɗa ya taɓa zama. Don raba waɗannan biyu ne wasu kamfanoni suka ƙara zobe na biyu, shi ma a karkace, yadda karkatar ɗaya za ta iya soke ta ɗayan ko ta ƙara mata. Na Titleist bututu ne mai lamba 1 zuwa 4 da zobe mai harafi A zuwa D, sun ba da 16, kowane taki digiri 0.75. Ga mai dama A1 ne asali, D4 ya ƙara taki ɗaya na kishingiɗa, A4 ya ƙara biyu, D1 ya rage ɗaya, B1 kuma ya bar kishingiɗa yadda take ya kwantar da sanda. Na Callaway zobba biyu ne, ana zaɓar kishingiɗa daga -1 zuwa +2, sannan a zaɓi N na zaman asali ko D na miƙewa. Wani alherin tsarin Callaway shi ne ƙotar kanta ba ta juyawa, don haka rubutu ko layin da ke jikin mariƙi yana nan inda hannu ya san shi. A tsarin da ƙota ke juyawa, mai mariƙin da ke da tudun layi a baya zai ji shi ya koma gefe, sai ya sa mariƙi mai santsi ko ya sake liƙa shi.

Ba kowane katako ke da wannan wuya ba, kuma ba don rowa ba ne kawai. Bututu da sukuru nauyi ne, kuma a sama yake, wajen dunduniya, daidai inda maƙera ba sa son nauyi a sandar da ake so ta ɗebo ƙwallo daga ƙasa. Shi ya sa kamfani ɗaya kan fitar da iri biyu a shekara guda, mai juyawa da liƙaƙƙe. Henrik Stenson na Suwidin, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya a 2016, ya yi suna da wani tsohon katako na 3 na Callaway da ya riƙe shekara da shekaru, kuma liƙaƙƙe ne.

Littattafan da kamfanoni ke haɗowa da sanda an rubuta su ne da filayen Turai da Amurka a zuci, masu laushin ciyawa kusan duk shekara. Filayenmu kuwa biyu ne a wuri ɗaya. Da damina ƙasa ta yi taushi, ciyawa ta taso, ƙwallo ta sauka ta tsaya kusa da inda ta faɗi. Nisan da aka samu a sama shi ne nisan. A nan ƙarin kishingiɗa riba ce. Da rani, musamman daga tsakiyar hunturu zuwa bazara, duk inda ba a ban ruwa ƙasa takan ƙeƙashe, ƙwallo mai tafiya ƙasa-ƙasa ta sauka ta yi ta gudu, har ta cike abin da ta rasa a sama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma wanda ke fuskantarta da ƙwallo mai yawan juyi zai ga ta cilla sama ta tsaya. Filayen Arewa da dama, har da na Kano, sun daɗe suna amfani da yashi da aka cuɗa da baƙin mai a kewayen rami maimakon ciyawa, kuma mai nufar irin wannan wuri daga mita 180 da rani yakan sauke ƙwallo tun kafin ta isa, ya bar ta ta ƙarasa da gudu. Sai dai busasshiyar ƙasa ba ta yafiya. A ciyawa mai laushi dunduniya ko yatsa in ya riga sauka sai ya nutse ya wuce. A kan tsandauri sai ya yi tsalle, ya murɗa fuskar. Kuma kan da aka kwantar baya don ƙarin kishingiɗa bakinsa na gaba yakan ɗan ɗaga daga ƙasa, abin da ke sauƙaƙa dukan ƙwallo a ciki maimakon a ƙasanta. Tudu ma yana da nasa: iska ta fi sirantaka a sama, ƙwallo ta fi nisa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace mita 300 ta hawa. Kano tana kusan mita 500 sama da teku, Jos ta haura 1,200. Siririyar iska kuma ba ta tallafar ƙwallo sosai, don haka mai ƙarancin juyi ya fi jin rashinsa a Jos.

Yadda ake gwaji ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. A fara da rubuta mazaunin da aka tarar. A juya abu ɗaya tak. A buga ƙwallaye goma ko fiye daga irin ƙasar da ake wasa a kanta, ba daga tabarmar roba ba, a zubar da mafi kyau da mafi muni daga lissafi, a dubi inda sauran suka taru. A shafa alli ko hoda a fuska don a ga inda ƙwallo ke taɓawa, domin bugun da ya kauce wajen yatsa yakan lanƙwasa ƙwallo hagu, na dunduniya dama, kuma wannan yakan rinjayi duk abin da taki ɗaya na wuya zai yi. Don gane zama, a ja layi mai kauri a jikin ƙwallo da alƙalami mai jiƙa, a ajiye ta layin a tsaye yana fuskantar sanda, a buga. In shatin ya fito a tsaye a fuska, zama ya yi. In samansa ya karkata wajen yatsa, sanda ta miƙe da yawa. In wajen dunduniya, ta kwanta da yawa. Wajen ɗaurewa, mabuɗin da ke zuwa da sanda an yi shi ne ya yi ƙara "ƙas" idan ƙarfi ya kai, kuma daga nan ake tsayawa. Ɗauri da sifana ta bakanike yakan cinye zaren sukuru, sako-sako kuma yakan sa kai ya riƙa kaɗawa har wuyan ya lalace. Da hunturu a hure ƙurar da ta shiga ramin kafin a mayar.

Duk wannan kafin a fara zagayen wasa ake yin sa. Doka ta 4.1 ta hana ɗan wasa bugu da sandar da ya canza mata saiti da gangan a tsakiyar zagaye, hukuncin kuma kora ce daga gasar. In ya juya sannan ya mayar yadda take kafin ya buga, ba laifi, haka nan in sukuru ya saki da kansa ana iya ɗaure shi a mazauninsa na da.

A ganina amfanin wannan wuya na gaske biyu ne. Na farko, gyara tazara tsakanin sanduna: in katako na 3 da na 5 suna sauka wuri ɗaya, ko akwai giɓin mita 30 tsakanin na 5 da ƙarfen da ke bi masa, digiri 1 a nan ko can yana daidaita jaka ba tare da an sayi sabuwa ba. Na biyu, sa kai ya zauna yadda idon mai shi ke so, wanda ba abin rainawa ba ne a wasan da rabin sa natsuwa ce. Abin da ba ya yi shi ne gyara hannu. Wanda ƙwallonsa ke lanƙwasa mita 30 zuwa dama saboda yana yanko ta daga waje, rufe fuska zai rage masa wani abu, amma lanƙwasar na nan. Kuma ɗaga na 3 zuwa digiri 17 bai mai da shi na 5 ba, domin ƙotar ta fi tsawo da kusan santimita 2, tsawon nan kuwa shi ne rabin wahalarsa. Da za a tambaye ni, mafi yawan masu wasan ƙarshen mako sama ya kamata su juya, ba ƙasa ba, ko da yake ƙasa ce ke jan rai, don tana kama da ta ƙwararru. Canji sau biyu a shekara, da faɗuwar damina da ɗaukewarta, ya ishi mai wasa a Kano ko Zariya.

Mai sayen na hannu kuma, wanda a nan shi ne mafi yawa, ya duba abu uku kafin ya biya. Bututun kamfani ɗaya ba ya shiga kan wani, a wasu kamfanonin ma na direba daban na katako daban. Wasu bututan akwai na dama akwai na hagu, kuma in aka sa na dama a kan bahago, inda aka rubuta ƙari ragi yake yi. A Titleist asalin bahago D4 ne, ba A1 ba. Sannan lambar da aka buga a tafi ta mazaunin asali ce kawai, mai sandar na baya yana iya barin ta a wani wuri. A karanta wuyan, a nemi jadawalin wannan samfurin a shafin kamfanin, kuma a sa mabuɗin cikin ciniki.